Manhajar Kyauta Ce, Amma Wa Zai Kawo Ta Ƙauye?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wata matsala da ba kasafai take fitowa a shafukan jarida ba, saboda waɗanda ta fi damu ba su cika rubutu ba, masu rubutun kuma galibinsu suna zaune ne a inda intanet ba ya yankewa. Ni malamin kwamfuta ne a wata makarantar sakandare ta je-ka-ka-dawo a ƙaramar hukumar Taura ta Jihar Jigawa, da yamma kuma ina zama a wani ɗan shago inda nake buga wa jama'a takardu, in yi fotokwafi, in cika wa ɗalibai fom. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda za a riƙa kai manhajojin Linux ga kwamfutocin da ba su taɓa shan intanet ba, irin waɗanda suke cike da makarantunmu da shagunanmu na karkara.

Ga mai karatun da bai san Linux ba, babbar manhaja ce da ke tuƙa kwamfuta, kamar yadda Windows take yi. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya fara rubuta zuciyarta a 1991, aka haɗa ta da kayan aikin da shirin GNU na Richard Stallman ya soma tarawa tun 1983. Bambancinta da wadda muka saba shi ne asalin rubutunta a buɗe yake, kuma lasisinta ya halatta wa kowa ya kwafa, ya gyara, ya raba, har ma ya karɓi ladan kwafar. Daga gare ta aka sami rassa masu yawa, kamar Debian da aka kafa a 1993, da Ubuntu da wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fito da ita a 2004, da Linux Mint wadda aka gina a kan Ubuntu. A kansu ake ɗora manhajojin aiki: LibreOffice don rubutu da lissafi, GIMP don gyaran hoto, Inkscape don zane, VLC don kallo da saurare, Scribus don tsara mujalla da kati. Duk waɗannan ba a biyan ko kwabo don mallakarsu, kuma wanda ya kwafa wa maƙwabcinsa bai yi sata ba.

Dalilin da maganar ta taso yanzu a bayyane yake. Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, Windows 11 kuwa tana neman kayan ciki da yawancin kwamfutocin gwanjon da muke saya ba su da su. Ga kuma jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 ba a rubuta ta sai a kan kwamfuta, abin da ya sa yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba yake shiga ɗakin jarrabawa da fargaba biyu. Masana da yawa suna ba da shawarar a ɗora wa tsofaffin kwamfutoci Linux, kuma shawarar gaskiya ce, domin na ga kwamfutar da aka jingine a sito shekara da shekaru ta tashi tana aiki kamar ba ita ba. Sai dai masu ba da shawarar sukan tsaya a nan, kamar da zarar an ce abu kyauta ne to ya iso hannun kowa. A garinmu sabis yakan zo ne a wasu wurare sanannu, gindin wata tsamiya da bayan masallacin Juma'a, kuma ko ya zo ba ya jure sauke abu mai nauyi. A watan Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da na data. Saboda haka a wurinmu farashin manhajar kyauta shi ne kuɗin data, da kuɗin mota, da yinin da mutum zai ɓata.

Bari in ba da labarin abin da ya same ni, domin shi ya buɗe mini ido. Shugaban makarantarmu ya so mu buga 'yar mujallar ƙarshen shekara, da katin gayyatar bikin yaye ɗalibai, na ce masa akwai manhajar da za ta yi wannan aiki ba tare da an kai Kano ba. Ranar wata Asabar na shiga mota zuwa Kano, na kwana a wajen ƙanena, na sayi datar dare, na zauna har wajen ƙarfe uku ina sauke fayil ɗin Scribus, irin wanda sunansa yake ƙarewa da haruffan deb. Washegari Lahadi na biyo motocin 'yan kasuwar Gujungu na dawo, filashi a aljihun gaban rigata, ina tafe ina taɓa shi lokaci-lokaci kamar mai ɗauke da kuɗin sadaki. Ranar Litinin aka tayar da janareta musamman saboda ni, da man da aka ɗebo daga na ofis, ɗalibai suka zagaye ni, shugaban makaranta yana tsaye a bakin ƙofa hannuwansa a baya. Na danna fayil ɗin. Sai kwamfuta ta jero mini sunayen wasu abubuwa da ban taɓa jin su ba, ta ce sai an fara kawo su kafin ta karɓi wanda na kawo. Wata yarinya daga baya ta ce, "Malam, ta ƙi ne?" Shugaban makaranta bai ce komai ba sai da ya juya zai tafi, sannan ya ce, "Malam, a kashe injin nan tukuna, in an shirya a gaya mini."

Laifin nawa ne, ban ɗora wa kowa ba. Ban san yadda abin yake ba, sai daga baya na fahimta. A Windows mun saba da fayil guda ɗaya wanda ya ƙunshi kusan duk abin da manhaja take buƙata, a kwafa shi a filashi, a kai ko'ina, a danna, ya shiga. Linux ba haka aka gina ta ba. An rarraba ta ne ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi yana dogara da wasu, yadda abin da manhajoji goma suke buƙata ba sai kowace ta ɗauko nata ba, guda ɗaya ya ishe su, kamar rijiyar unguwa. Ni da ɗalibaina mun sa wa waɗannan abubuwan dogaro suna 'yan rakiya, domin manhajar kamar amarya take, ba ta tarewa ita kaɗai. Duk ƙunsoshin suna ajiye a wani babban rumbu a intanet, kuma akwai wani ɗan aike a cikin kwamfutar, wanda a Debian da Ubuntu da Mint ake kira apt, da yake zuwa rumbun ya ɗebo amarya da 'yan rakiyarta gaba ɗaya. Tsari ne mai kyau ƙwarai, yana rage nauyi, kuma idan aka gano ɓaraka a ƙunshi ɗaya, gyara ɗaya ya wadatar da kowa. Amma an gina shi a kan zaton cewa hanyar rumbun a buɗe take dare da rana. Inda hanyar ta toshe, sai alherin ya zama wahala. Wani abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne 'yan rakiyar da kwamfuta ɗaya take nema ba lalle su zama su ne wata take nema ba, domin ya danganta da abin da kowace ta riga ta mallaka da kuma zubin da take kai, wato fitowar Linux ta wace shekara ce aka ɗora mata.

Masu wannan fasaha ba su yi barci a kan matsalar ba, kuma adalci ne in faɗi hanyoyin da ake da su. Wadda ta fi kama da abin da muka saba ita ce AppImage, wadda wani Bajamushe, Simon Peter, ya faro tushenta a 2004. Fayil ne guda ɗaya mai ɗauke da manhaja da yawancin 'yan rakiyarta, ba a ma girka shi, a ba shi izinin tashi kawai a danna. Masu Inkscape da Krita ta zane da Audacity ta gyaran sauti suna fitar da nasu da kansu, kuma na yi amfani da su na ji daɗi. Amma akwai tarkuna biyu da mai zuwa ƙauye ya kamata ya sani tun yana birni. Na farko, yawancin fayilolin AppImage na da suna buƙatar wani ɗan ƙaramin ƙunshi mai suna libfuse2, wanda tun zubin Ubuntu na 22.04 ba ya zuwa tare da babbar manhajar, saboda haka wanda bai riƙo shi ba zai danna ya ga shiru. Na biyu, fayil ɗin da aka haɗa a kan sabon zubi yakan ƙi tashi a kan tsoho. Ƙari a kan haka, filashin da ke kan tsarin FAT32, wanda shi ne yawancin na kasuwa suke zuwa da shi, ba ya riƙe izinin tashin nan, dole a kwafo fayil ɗin cikin kwamfuta a sake ba shi izini. Ƙananan abubuwa ne, amma kowane ɗaya daga cikinsu ya isa ya mayar da mutum tasha.

Akwai kuma Flatpak da Snap, waɗanda su ma suke ɗaure manhaja da kayanta, sai dai suna jingina ne da wani babban tushe mai nauyin ɗaruruwan megabait wanda dole a fara kawo shi. Dukansu biyu suna da hanyar aiki ba intanet. Flatpak yana da umarnin da ke kwashe manhaja da tushenta zuwa filashi, Snap kuma yana ba da fayil biyu, manhajar da takardar shaidarta. Na gwada, suna aiki, amma ban ga malamin firamaren da zai jure musu ba tare da wani ya zauna kusa da shi ba. Sai kuma wani kayan aiki mai suna apt-offline, wanda dabararsa ta burge ni: kwamfutar ƙauye ta rubuta jerin abin da take buƙata a ɗan ƙaramin fayil, a kai shi inda ake da intanet a sauko da kayan daidai-wa-daida, a dawo a zuba mata. Abin dariyar shi ne, shi kansa sai an fara kawo shi an girka kafin ya yi wannan aiki, kuma kowace kwamfuta da tata tafiyar.

Hanyar da na tsaya a kanta, kuma wadda nake ganin ita ce ta dace da mu, ita ce a daina ɗauko hatsi kwano-kwano, a ɗauko rumbun gaba ɗaya. Rumbun Debian yana da ƙunsoshi fiye da 60,000, kuma idan aka zuba na zubi ɗaya a faifan DVD yakan cika sama da faifai 20, wato kusan gigabait 100. Wannan adadi ya fi ƙarfin datar malamin makaranta, amma bai cika ko rabin ƙaramin hadis, wato faifan ajiya na kwamfuta, irin wanda ake sayarwa a Farm Centre ko titin Beirut a Kano ba. Idan aka kwafi rumbun yadda yake, tare da hatiminsa na asali, sai a nuna wa ɗan aiken kwamfuta cewa ga rumbu nan a kan tebur, ba sai ya fita ba. Daga nan duk manhajar da aka nema za ta shiga da 'yan rakiyarta cikin daƙiƙoƙi, kuma kwamfutar da kanta za ta duba hatimin kowane ƙunshi, ta ƙi wanda aka taɓa. Idan makaranta tana da kwamfutoci da yawa haɗe da waya ɗaya, guda ɗaya ta riƙe rumbun, sauran su riƙa ɗiba daga gare ta. Wani tsohon ɗalibina da ke karatu a jami'a shi ya taimaka mini na sami irin wannan kwafi, kuma tun daga ranar ban sake kwana a Kano saboda manhaja ba.

Ko wannan hanyar ba ta rasa nata ƙaiƙayin ba. Ranar da na fara haɗa hadis ɗin, kwamfutoci uku suka karɓa, ta huɗu ta ƙi, tana cewa takardar rumbun lokacinta bai yi ba tukuna. Na yi ta juya maganar a raina har la'asar, kafin idona ya kai kusurwar allon, na ga kwamfutar tana zaune a wata shekara da ta wuce tun ɗaliban ajin suna goye. Ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke riƙe agogon cikin kwamfuta ne ya mutu, saboda haka duk sanda aka ɗauke wuta sai ta koma ranar haihuwarta, kuma tun da ba intanet ba mai gyara mata lokaci. Na saita kwanan wata da hannu, nan take ta karɓa. Na kawo wannan ne don a san cewa wanda zai yi wannan aiki a karkara yana buƙatar sanin abubuwan da ba a rubuta su a littattafan da aka yi don mutanen birni ba, kuma batiri ɗaya a aljihu yakan fi dogon bayani amfani.

Ba mu ne farkon waɗanda suka fuskanci wannan ba. A shekarun farko na Ubuntu, kamfanin Canonical, mai Ubuntu ɗin, yana da shiri mai suna ShipIt, wanda mutum zai nema a aiko masa da faifai kyauta ta gidan waya ko a ina yake a duniya, kuma mutane da yawa a Afirka ta nan suka fara ganin Linux. An rufe shirin a 2011. A Afirka ta Kudu kuma gidauniyar Shuttleworth ta ɗauki nauyin wata na'ura mai suna Freedom Toaster, wadda aka girke a jami'o'i da wuraren taruwar jama'a, mutum ya zo da faifansa fanko ya zaɓi abin da yake so a kwafa masa. Duniya ta bar waɗannan hanyoyi ne bisa lissafin cewa intanet ya wadata. Lissafin ya yi daidai a Turai, wataƙila ya yi daidai a wasu unguwannin Abuja da Legas, amma bai iso Taura ba, bai iso Garki da Babura da Gagarawa ba. A halin da ake ciki kuma kayan sai ƙara nauyi suke yi. Ubuntu da a da take shiga faifan CD guda, zubinta na 24.04 ya kusa gigabait 6, har ya wuce iyakar gigabait 4 da tsarin FAT32 yake iya riƙewa a fayil ɗaya.

To, ga roƙona, kuma ga waɗanda nake yi wa shi. Jihohinmu biyu, Kano da Jigawa, ba su rasa cibiyoyin ilimi masu intanet mai ƙarfi ba. Akwai Jami'ar Bayero a Kano, da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, da kwalejin fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, garin da tun farkon shekarun 2000 ya yi suna da koyar da ilimin kwamfuta. Abin da nake nema bai kai gina ɗaki ba, bai kai sayen mota ba. Sashen kwamfuta na ɗaya daga cikinsu ya ware na'ura ɗaya ta riƙe kwafin rumbun, ta riƙa sabunta shi da dare lokacin da ba mai amfani da layin, sannan a sanar cewa duk malamin da ya zo da hadis ɗinsa za a cika masa. Ɗaliban da ake tura wa koyon aiki na wata shida za su iya riƙe wannan, kuma za su koyi abin da ya fi zaman jiran sa hannu a ofis. Daga nan ofisoshin ilimi na shiyya su karɓi kwafi sau ɗaya a zangon karatu, su kai makarantu tare da takardun jarrabawa, tun da motar da ke kai waɗannan ba ta taɓa fasa zuwa ba. Gyaran tsaro da ya yi wata uku a hanya bai kai na yau ba, na sani, amma kwamfutar da ba ta shiga intanet haɗarinta kaɗan ne, kuma wata uku ya fi shekara biyar da yawancin namu suke yi ba a taɓa su ba.

Sharaɗi ɗaya ne wannan tsari yake da shi, kuma a kansa ne na san za a yi mini gardama: dole a tsaya a kan reshe ɗaya da zubi ɗaya. Masu sha'awar Linux mutane ne masu son zaɓi, kowa da gwaninsa, kuma na taɓa zama a wani taro inda aka shafe awa guda ana musu a kan wane reshe ya fi, ba a ko ambaci yadda za a kai shi makaranta ba. A birni wannan musu nishaɗi ne. A ƙauye kuwa, idan makaranta ɗaya tana kan Mint, ta kusa da ita tana kan wani reshe mai suna Fedora, ta uku tana kan wani zubi da ya tsufa, to hadis ɗaya ba zai yi musu aiki ba, malamin wannan kuma ba zai iya taimakon na waccan ba. A zaɓi ɗaya daga cikin masu dogon zango, ko Debian, ko zubin Ubuntu da ke fitowa a watan Afrilu duk bayan shekara biyu ana kula da shi shekara biyar, ko Mint da aka gina a kansa. Ni ina da wanda na fi so, amma zan bar shi da gudu idan aka haɗu a kan wani. Sai dai masu zaɓin su tuna cewa har yanzu akwai kwamfutoci masu tsohuwar ƙirar nan da ake kira 32-bit a ɗakunanmu, kuma Debian 12 ta 2023 ita ce ta ƙarshe a gidanta da ake iya girka musu, domin Debian 13 da ta fito a 2025 ta ajiye su.

Akwai kuma wata hanyar da ba ta jiran gwamnati, kuma ina mamakin yadda ba a lura da ita ba. Babu garin da ya kai a kira shi gari a ƙasar nan da ba shi da mai turi. Yaro ne da laftof da sola da tarin cajoji, yana zaune a bakin kasuwa, a miƙa masa waya ko memori ya zuba fina-finai da waƙoƙi da karatun malamai da wasan ƙwallo. Abin da ya fito a Kano da safe, kafin magariba ya isa Maigatari, ranar Alhamis kuma ya tsallaka Nijar a aljihun 'yan kasuwar dabbobi. Waɗannan samari sun riga sun warware matsalar da injiniyoyi suke ta rubutu a kanta, wato yadda za a kai gigabait ɗaruruwa inda waya ba ta kai ba, kuma sun yi shi da acaɓa da motar kasuwa. Da yawa daga cikinsu ma suna ɗora wa mutane manhajoji, sai dai waɗanda aka fasa wa makulli ne, masu zuwa da ƙwayoyin cutar da ke mayar da fayilolin filashi gajerun hanyoyi marasa komai, abin da duk mai shagon buga takardu ya sha kuka da shi. Me zai hana a koya musu wannan? Mai turi da ke da kwafin rumbu, da filashi ɗaya mai ɗauke da Ventoy, wadda take ba da damar ajiye manyan manhajoji da yawa a filashi guda a zaɓi wadda za a girka, ya sami sana'a ta halal. Zai karɓi ladan aikinsa, lasisin ya yarda, ba mai kama shi, ba kuma haƙƙin kowa a kansa. Abin da za a nace masa shi ne tantancewa. Kowane babban fayil yana da doguwar lamba da masu shi suke wallafawa, wadda ake kira SHA256, kuma idan ko harafi ɗaya ya canza a cikin fayil ɗin lambar ba za ta yi daidai ba. Kayan da ya bi hannu goma kafin ya iso yana buƙatar wannan awo, musamman da yake kasuwa cike take da filashin jabu, mai nuna girman da ba shi da shi, ya karɓi kaya ya lalata su a ɓoye.

Duk wanda zai shirya wannan hadis, ina ba shi shawarar ya tambayi masu amfani kafin ya rufe shi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya fi hana mutane zama a kan Linux a shaguna irin nawa ba manyan abubuwa ba ne. Firinta ce da ta ƙi bugawa saboda direbanta, wato 'yar manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, yana intanet. Bidiyo ne da ya ƙi buɗewa saboda ba a haɗo kayan karanta shi ba. Takarda ce da aka rubuta a Word, aka buɗe a LibreOffice, layukanta suka goce, alhali maganin shi ne a zuba haruffan Liberation da Carlito waɗanda aka auna su daidai da Times New Roman da Arial da Calibri. A haɗa da haruffan da ke fitar da ƙ da ɗ da ɓ da kyau, irin su Charis da Andika, a kuma kunna madannin Hausa wanda ya riga ya zo a cikin Linux amma mutane ƙalilan ne suka san yana nan. A sa Alkalami, harafin ajami da aka zana bisa salon rubutun Kano, domin malaman tsangaya da na Islamiyya suna zuwa shagona da buƙatarsa. Sauran filin kuma a cika shi da Kiwix, manhajar da ke buɗe Wikipedia ba tare da intanet ba, har da ta Hausa wadda ko ƙaramin memori zai ɗauke ta, da GCompris don yara 'yan firamare, da wata manhajar koyon buga rubutu da yatsu goma.

Ba na cewa Linux za ta maye gurbin komai. Masu ɗab'i a Kano sun saba da CorelDRAW, kuma yaron da zai nemi aiki a wurinsu dole ya san ta. Littattafan karatun kwamfuta da muke koyarwa da su ma da sunayen manhajojin Microsoft aka rubuta su, shi ya sa na bar kwamfuta biyu a kan Windows don ɗalibai su ga abin da za a tambaye su a jarrabawa. Amma yaron da ya iya tsara takarda a LibreOffice ba ya ɗaukar mako kafin ya saba da Word, kuma na gwada wannan a kan ɗalibaina ba sau ɗaya ba.

Ya Edita, ina roƙon wannan jarida ta tura wakilinta ya tambayi sassan kwamfuta na jami'o'inmu da hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, NITDA, da ma'aikatun ilimi na Kano da Jigawa ko akwai mai riƙe da irin wannan rumbu, idan akwai kuma a buga mana inda yake da ranakun da ake zuwa. Idan babu, a ji daga bakinsu abin da zai hana. Ni dai kwafin da ke hannuna ya kusa shekara, tsohon ɗalibin nawa kuma ya gama karatu ya tafi bautar ƙasa. Malamai huɗu daga makarantun da ke kewaye da mu sun riga sun zo sun kwafa a wurina, na biyar ya aiko cewa zai zo ranar kasuwa da hadis ɗinsa, na ce ya taho da man janareta.

Na gode da wannan fili da aka ba ni. Wassalam.

Naku,
Malamin kwamfuta,
Ƙaramar hukumar Taura, Jihar Jigawa.